Shinkafar Gindin Suri

Litinin, 6 ga Maris, da hantsi

Ma'aikaciyar asibiti ta ce in riƙa rubutu kullum, ko layi biyu ne, don yatsun nan su tuna aikinsu. To ga shi na fara. Sunana ma da ƙyar ya fito: Tumpale. Ya karkace kamar na 'yar aji ɗaya.

Yau na je gona, karo na farko tun da aka kwance mini ɗori. Baba bai so ba. Ya ce hanya da santsi, in na sake faɗuwa fa? Na ce ai ba a hanya na faɗi wancan karon ba. Ya saɓa fartanyarsa ya wuce gaba.

Tun Disamba yake nan wurina. Ina kwance a asibiti ya taso daga garinmu Ipinda da shanunsa biyu, ya huɗe gonar, ya watsa iri, shi kaɗai. Da aka sallamo ni shi na tarar a gida. Mijina Ambokile ba ya nan. Baba ya ce ya tafi Chunya haƙar zinariya, bai bar saƙo ba.

Shinkafar tana nan yadda ta saba kowace shekara, koriya mai ɗan rawaya-rawaya, ba ta yi ƙiba ba, ba ta rame ba. Amma can kusurwar gindin suri akwai wani wuri da ya fita daban. Kore ne har ya koma baƙi-baƙi, ganyensa ya fi na kewaye tsayi da faɗi. Girmansa kamar an shimfiɗa tabarmar mutum ɗaya.

Na ce, "Baba, can fa?"

Ya ce, "Nan shanu suka riƙa hutawa. Kashinsu ne."

Ƙarƙashin mangwaro shanun suke hutawa, a ɗaya ɓangaren. Kowa ya sani.

Hannun ya gaji.

Laraba, 8 ga Maris, da yamma

Takalman robar Ambokile suna bayan ƙofa. In ina shara kewaye su nake yi.

Juma'a, 10 ga Maris, rana tsaka

Maƙwabciyata Atupele ta tare ni a bakin rijiya. Gonarsu ce ke manne da tamu ta gabas.

"Ke Tumpale, ashe kina da asiri kike ɓoye mana? Me kika zuba a gindin surin nan?"

Na ce ban zuba komai ba.

"Ƙarya kike, munafuka! In maganin ƙiba ne ki ɗibar mini in kai wa uban 'ya'yana, mutum ya rame kamar sandar rake, in ya juya gefe sai in neme shi in rasa."

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Wata ta ce daga kan hanya ma ana hango wurin. Wata ta ce yaran makaranta sun sa masa suna, wai gadon sarki.

Na faɗa wa Baba muna cin abinci, don in ba shi dariya. Ya ajiye lomar da ke hannunsa ya tashi ya fita wajen shanu.

Lahadi, 12 ga Maris, bayan an taso daga coci

Surukata, Mama Tupokigwe, ta zo da nono a ƙwarya. Ta gaisa da Baba daga nesa kamar yadda suka saba, ta shigo ta zauna bakin gadona.

"Ya kira?"

"Bai kira ba, Mama."

"Ni ma in na sa an kira mini, sai wata mata ta ce a kashe take."

Ta kama hannuna tana juya shi a hankali, tana duba inda ƙashin ya haɗu. Ta daɗe tana kallo.

"Rijiyar nan taku da kike faɗuwa a bakinta muguwa ce, 'yata. Bara haƙori, bana hannu."

Na ce santsi ne.

Ta ce ta san irin santsin. Ta ce a gidan ubansa ma akwai irin rijiyar nan, ta yi shekaru tana ɗiban ruwa a cikinta.

Na ɗan kurɓa daga ƙwaryar. Nonon ya yi tsami sosai.

Talata, 14 ga Maris, da la'asar

Baba ya fita da sassafe a kan kekensa. Ya dawo a bayan ɗan acaɓa, da buhun takin yuriya uku. Keken bai dawo ba.

Baba ne fa. Mutumin da tun ina yarinya yake cewa farin taki na masu gaggawa ne, ƙasarmu ta Kyela kogi ke ciyar da ita duk shekara, ba ta roƙon kowa. Bai taɓa bari ko ƙwaya ɗaya ta faɗa gonarsa ba.

Mwaisaka, mijin Atupele, ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Baba, ai buhu ɗaya ya ishi gonar nan, shi ma a raba biyu, a sa rabi yanzu, rabi in shinkafar ta kusa ɗaukar ciki."

Baba ya ce ya gode.

Laraba, 15 ga Maris, da yamma

Ya watsa duka ukun yau. Tun safe yake ciki, ba ci ba sha. Na tsaya kan gaɓa ina kallonsa, tsoho, ruwa har ƙwabri, yana tafiya yana wurga hannu. Ya bi ko'ina. Kusurwar suri ce kawai ya kewaye.

Tafin hannunsa ya saɓule. Na shafa masa mai. Ban tambaya ba.

Asabar, 18 ga Maris, da safe

Na yi barci har rana ta fito. Tun da na dawo haka nake yi. Na manta rabon da in yi irin wannan barci a gidan nan. Bai kamata in rubuta wannan ba.

Alhamis, 23 ga Maris, da hantsi

Gonar ta sauya kamar ba ita ba. Duk ta yi duhu, ta yi kauri, ganye ya hau kan ganye har ba a ganin ruwan ƙasa. In iska ta taso sai ta riƙa kwantawa tana tashi kamar tafki. Masu wucewa suna tsayawa. Wani mai keke ya sauka musamman ya ce wa Baba, "Dattijo, bana sai ka nemi motar ɗaukar kaya."

Na nemi wurin nan na gindin suri da ido, na rasa. Ya ɓace cikin sauran.

Baba ya cinye ayabarsa yau, har ya nemi ƙari. Ya ba ni labarin wani sa da ya taɓa yi mai cin sabulu. Na yi dariya har hawaye.

Litinin, 27 ga Maris, da sassafe

Hazo ya rufe fadama, fari, mai jiƙa tufafi. Kwana da kwanaki ke nan. Rana ba ta korarsa sai hantsi ya dubi ludayi, raɓa kuma tana rataye a ganye har kusan azahar.

Inda ya fi daɗewa bai tashi ba shi ne gindin suri. Ko'ina ya washe, can yana kwance.

Wataƙila don wurin ba iska ne.

Talata, 28 ga Maris, da yamma

Akwai idanu a jikin ganyen.

Ban san yadda zan faɗa ba in ba haka ba. Tabo ne, mai tsini a gefe biyu, mai faɗi a tsakiya, bakinsa ja-ja, cikinsa toka-toka. Ido sak. Wani ganyen ɗaya ne, wani sun jeru daga gindi har sama. Na sunkuya in duba ɗaya, da na ɗago sai na ga duk inda na juya suna nan.

Na fito da sauri har na yar da ɗankwalina. Ban koma ɗauka ba.

Alhamis, 30 ga Maris, rana tsaka

Mwaisaka ne ya kira malamin gona, ba mu ba. Sunansa Shayo, ɗan arewa ne, mai yawan fara'a. Ya shiga gonar, ya tsinko ganye ya ɗaga shi sama yana dubawa.

"Baba, buhu nawa ka zuba?"

"Uku."

"A gonar nan? Rana ɗaya?" Ya cire hula ya sosa kai. "Kai, Baba! Ka ga, shinkafa in ka ɗura mata abinci fiye da ƙima sai ta yi ƙiba, ganyen ya yi laushi ya cika da ruwa, fatarsa ba ƙwari. Cutar nan kuwa dangin funfuna ce, iska ke yawo da ƙurarta. In ta sauka kan ganye mai tauri sai ta sha wuya kafin ta huda shi. In ta sauka kan irin wannan, ga raɓa ta kwana a kai, ga ganye ya cunkushe iska ba ta ratsawa, ai ta samu ɗaki da katifa."

Ya ce kada a ƙara ko cokali ɗaya na taki. Ya ce abin tsoron ba ganyen ba ne, wuya ne. In shinkafa ta fitar da kai cutar ta kama wuyan zangarniya, shi ke nan. Ya rubuta mana sunan maganin feshi, ya ce a fesa da zarar kai ya fara leƙowa.

Sai ya ce bari ya ga inda ta faro. Ya riƙa bin tabon, daga ƙanana zuwa manya, mu muna binsa a baya. Na san inda za mu tsaya tun kafin mu isa.

"Nan ne. Waɗannan sun tsufa, sun riga takinka ma, Baba. Me ke ƙarƙashin nan?"

Baba ya ce, "Ƙasa."

Shayo ya yi dariya. "Ko buhu ne ya taɓa fashewa a nan?"

"Buhu ne."

Ya zaro wani dogon ƙarfe daga jakarsa, wai zai ɗebi ƙasar ya kai a duba. Baba ya matsa ya tsaya a gabansa. Ya ce akwai kumurci a surin, baƙi, makon jiya ya kashe kare. Shayo ya mayar da ƙarfensa, ya ce ba gaggawa, wata rana.

Ba a taɓa kawo buhun taki gonar nan ba kafin bana. Ba kare da ya mutu.

Asabar, 1 ga Afrilu, da safe

Ya dawo.

Wurin nan. Da baƙin kore ne cikin rawaya, yanzu ja ne cikin kore, ganyen ya ƙone ya kwanta kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Girman bai sauya ba. Ɗaya gefen ya fi faɗi, ɗayan ya tsuke.

Daga kan hanya ana hangowa.

Lahadi, 2 ga Afrilu, da la'asar

Mama ta ce in raka ta gona ta ga abin da ake ta faɗa. Baba yana can yana cire ciyawa a bakin gaɓa. Ta dogara sandarta ta tsaya tana kallon kusurwar, ta daɗe.

Sai ta ce, ba ni take kallo ba, "Shekarar da ruwa ya ci gadar nan ta ƙasa, ina amarya, wata saniya ta nutse a gonar surukina. Laka ta rufe ta, ba a same ta ba. Da aka shuka shinkafa sai ga saniyar ta fito a cikin ganye. Har ƙafafunta ana gani. Ita ce ta fara yin kyau, ita ce kuma ta fara ƙonewa."

Fartanyar Baba ba ta tsaya ba.

Ta ce, "Sannu da aiki, suruki."

Ya ce, "Yawwa, sannu."

Muka dawo. A hanya ta riƙe hannuna, mai ciwon, ta matse shi har na ji zafi. Ba na jin ta san tana yi.

Talata, 4 ga Afrilu, da yamma

Lusekelo, ƙanin mijina, ya tafi Chunya nemansa. Ya ɗauki hoton ranar aurenmu, ya naɗe gefen da nake.

Juma'a, 7 ga Afrilu, da hantsi

Shanun ba sa yarda su bi ta wajen suri. Baba ya daina gwadawa, ta mangwaro yake zagayawa da su.

Lahadi, 9 ga Afrilu, Ista, bayan coci

Da aka tashi karɓar jibin Ubangiji Baba bai tashi ba. Ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa, mutane suna raɓa shi suna wucewa. Mama ma ba ta tashi ba. Tana ɓangaren mata, yana na maza, su biyu kaɗai a zaune cikin coci duka.

Ni na tashi. Na karɓa. Na riƙe shi a baki har aka tashi.

Laraba, 12 ga Afrilu, da la'asar

Lusekelo ya dawo, ya yi baƙi ya rame. Da can in ya shigo da tsokana yake shigowa, matarmu me aka dafa, matarmu kin ƙara kyau yaya zai yi kishi. Yau gaisuwa kawai.

Ya ce ya bi ramukan haƙa ɗaya bayan ɗaya. Akwai 'yan garin nan da yawa a can, ba wanda ya gan shi. Direbobin tasha ma ba wanda ya tuna ya ɗauke shi.

"Wace rana ma ya tafi, Baba?"

"Ranar da aka kai ta asibiti. Ko washegari."

"Da wace jaka?"

"Ban duba ba."

Zai fita sai ƙofar ta tokare. Ya leƙa bayanta, ya ɗago takalman. Ya riƙe su yana juyawa.

"Matar yaya, wa ke tafiya haƙar zinariya ya bar takalmin roba a gida?"

Na ce wataƙila ya sayi sabo.

Ya dube ni, ya dubi Baba. Ya tafi da su.

Na share wurin. Akwai sawunsu a ƙasa, wuri biyu masu tsabta.

Asabar, 15 ga Afrilu, da safe

A Disamba, ƙasar fadamar nan in ka haƙa zuwa gwiwa ruwa ke tasowa. Ba a iya wuce haka. Ban san me ya sa nake ta tuna wannan ba.

Talata, 18 ga Afrilu, da yamma

Kai ya fara leƙowa. Baba ya ari tankin feshi ya goya, ya bi gonar tun safe. Bai kai ga sauke tankin ba hadari ya haɗo daga wajen tafki, aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ya tsaya cikin ruwan yana kallon maganin yana bin rariya.

Ina ganin har ya ɗan yi murmushi.

Litinin, 24 ga Afrilu, da hantsi

Fari.

Zangarniyar ta fito, amma fara ce fat kamar furfura. Na kama ɗaya, ƙasan wuyanta ya yi baƙi ya ruɓe, na murza ƙwayar, ba komai ciki sai iska. Shinkafa mai ƙwaya sunkuyar da kai take yi. Waɗannan a tsaye suke ƙyam, dubbai, kamar jama'a sun miƙe ana jiran wani ya shigo.

In iska ta bi ta cikinsu ba irin ƙarar da na sani suke yi ba. Wata 'yar busasshiyar raɗa ce, kamar ana magana a ɗaki na kusa.

Laraba, 26 ga Afrilu, da sassafe

Kowace gona ana ta ihun korar tsuntsaye, ana buga gwangwani. Tamu shiru. Garken tsuntsayen ya taso daga rafi, ya zo daidai kan gonarmu ya rabu biyu, ya haɗe a gaba.

Na san dalili, rashin ƙwaya ne. Na sani. Amma da na gani sai da na zauna a ƙasa.

Juma'a, 28 ga Afrilu, rana tsaka

Ta tsallaka gonar su Atupele. Ba kamar tamu ba, su ba su cika taki ba, amma layin da ke manne da mu ya fara fari. Na gaba da su ma haka.

Na gaishe ta a rijiya, ta ci gaba da jan guga.

"Atupele, ina kwana."

"Ina kwana a gidan wa? Ki je ki tambayi tsohonki me muka yi masa. An ce masa ɗaya ya isa, ya zuba uku. Me yake gudu haka? Yarana shida, Tumpale. Furfura zan dafa musu?"

Ba wanda ya yi dariya.

Talata, 2 ga Mayu, da yamma

An yi taro a gindin mangwaro, masu gonakin fadama duka, da Shayo. An yanke cewa a sare tamu tun yanzu, a ƙone karan, kada cutar ta kwana a ciki ta jira baɗi.

Sai Lusekelo ya miƙe. Ya ce gonar ta ubansu ce, yayansa ba ya nan, baƙo ya zo ya kashe ta. Daga yau ta dawo hannunsa. Ranar Litinin zai kawo injin huɗa. Zai baje surin nan, ya ja magudana ta kusurwar don ruwa ya daina kwanciya.

Yana faɗa yana kallon Baba.

Shayo ya ce shawara ce mai kyau, sai dai a yi hankali da kumurci.

Alhamis, 4 ga Mayu, da hantsi

Na ji tari daga cikin gonar. Irin na Ambokile, mai biyu a jere. Na tsaya. Zalɓe ne ya tashi.

Asabar, 6 ga Mayu, da la'asar

Baba ya wanke tufafinsa duka ya ninke. Ya kira ni garke ya nuna mini yadda ake ɗaura wa shanu karkiya da hannu ɗaya. Ya ce jan yana son a yi masa magana, baƙin kuma ba ya son a tsaya masa ta hagu.

Sai ya ce, "Tumpa, zauna. Akwai maganar da nake so..."

Na ce, "Baba, wake na kan wuta."

"Ba za ta daɗe ba."

"Zai ƙone, Baba."

Ya dube ni. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "To je ki."

Ban ɗora wake ba yau.

Litinin, 8 ga Mayu, da yamma

Zan rubuta yadda ya faru, ko hannun zai tsinke.

Mun isa gona hazo bai tashi ba. Baba ya sa rigarsa ta zuwa coci. Muna jin ƙarar injin yana tahowa ta hanya, da muryoyin maza masu lauje. Da hazon ya ɗan yaye sai muka ga mutum a zaune a gindin suri, a tsakiyar wurin nan da ya ƙone.

Baba ya kama kafaɗata.

Mama ce. Ta zo da kujerarta 'yar tsugunno, ta kafa sandarta a laka can gabanta. Zaninta ya jiƙe har ƙugu. Ban san tun yaushe take wurin ba.

Lusekelo ya ƙaraso. "Mama! Me kike yi a nan? Ki tashi, mai injin yana jira."

"Ya jira."

"Sanyi zai kama ki."

"Gonar mijina ce. Ko sai na nemi izininka kafin in zauna?"

Maza suka tsaitsaya da laujensu. Mai injin ya kashe shi. Aka yi tsit, sai raɗar nan ta fararen kai.

Ta ce, "Ku sare, ku ƙone, ku huɗe tun daga mangwaro. Amma daga sandar nan zuwa suri garma ba za ta shiga ba. Ba bana ba, ba baɗi ba, ba bayan raina ba."

"Saboda me, Mama?"

"Akwai ɗana a nan."

Na ji hannun Baba ya yi nauyi a kafaɗata. Ta bar mu a haka, ta bar mu, sannan ta ce:

"Wanda na yi ɓarinsa kafin a haife ka. Ubanka ne ya rufe shi a nan."

"Ba ki taɓa faɗa ba."

"Ba ka taɓa zuwa da injin ba."

Ya tsaya yana kallon wurin, daga inda ya yi faɗi har inda ya tsuke. Na ga yana auna shi da ido. Ya juyo ya dubi uwarsa. Ba ta ƙifta ba.

Mwaisaka ne ya cire hularsa ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Mama." Sauran suka bi. Suka juya wajen mangwaro suka fara sara. Lusekelo ne na ƙarshen juyawa.

Muka rage mu uku. Mama ba ta ɗago ba. Ta sa hannu tana gyara ƙonannen ganyen da ke gefenta, tana kwantar da shi ɓangare ɗaya.

Ta ce, "An rufe masa fuska?"

Baba ya ce, "Da rigata."

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana gyaɗawa.

"Ka kwashi shanunka ka koma Ipinda, suruki. Yau. Kada in sake ganinka, ko ranar da za a binne ni."

"Na ji."

"Ke kuma zo ki ɗaga ni, ƙafata ta mutu."

Na ɗaga ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Talata, 9 ga Mayu, da safe

Baba ya tafi da sa ɗaya, baƙin, ya bar mini jan. Hayaƙi har yanzu yana tashi a fadama.

Alhamis, 11 ga Mayu, rana tsaka

Mama ta dawo nan da zama, da akwatinta da tukunyarta. Ta ce wa Lusekelo gonar tana hannuna muddin tana numfashi. Shayo ya ce baɗi a nemi iri daga wani wuri, taki kuma kaɗan-kaɗan in ma za a sa. Na kai wa Atupele kazata mai ƙwai. Ta karɓa.

Asabar, 13 ga Mayu, da hantsi

Lusekelo ya zo da jaka a kafaɗa. Wani direba ya ce masa ya ga mai kama da yayansa a Tunduma, yana dako a bakin iyaka. Zai je ya duba.

Ya tsaya a ƙofa yana jiran uwarsa ta hana shi. Na ga haka a fuskarsa.

Ta ce, "Tumpale, hura wuta. Ba zai tafi da yunwa ba."

Muka gasa masa ayaba, ni ina juyawa, ita tana ɓarewa. Muka soya ƙananan kifi. Ta naɗe su cikin ganye, ni na ɗaure da zare, hannayenmu suna haɗuwa, ba wadda ta dubi 'yar'uwarta. Ta sa masa a jaka da kanta, ta gyara masa wuyan riga.

Ya ce, "Mama, in na same shi me zan ce masa?"

Ta ce, "Ka ce masa muna nan lafiya."